Madubin da Ba Ya Gumi

Ni na fara ganin abin nan. Kafin a sa shi a waya, kafin masu karatu su ba shi dogon suna, ni na fara ganin cewa busasshen sabulu yana hana gilashi gumi. In ka ji wani ya ce a wurin kakansa ya koya, ka tambaye shi ko kakan nasa ya taɓa aiki a ɗakin wanki na babban asibiti. In ya yi, to a hannuna ya gani.

Shekara talatin da huɗu na yi a wannan ɗaki. A ƙarƙashin ƙasa yake, ba taga, ƙofa ɗaya, ga tukunyar tururi a tsakiya wadda ta fi ɗakin kwanana girma. Zannuwan gadon marasa lafiya muke dafawa, mu wanke, mu matse, mu goge. A jikin tukunyar akwai wani abu zagayayye mai fuskar gilashi da hannu ɗaya tal, mu agogo muke ce masa ko da yake ba ya faɗin lokaci. Ban shiga aji ba, ban san lambobin jikinsa ba, amma na san fari na san ja, na kuma san in hannun nan ya shiga ja to kowa ya nemi ƙofa. Sai dai kullum fuskar agogon a rufe take da gumi. Ka share da tafin hannu, kafin ka juya baya ya sake rufewa, har muka gaji muka daina dubawa.

Wata rana ina tsaye jiran zannuwa su dahu, ga guntun sabulun wanki a hannuna wanda ya bushe kamar ƙashi. Rashin aikin yi ya sa na share gilashin na sa sabulun na zana fuskar shugabanmu a kai, da kunnuwansa manya-manya. Ina gama kunne na biyu na ji tarinsa a matakala. Na kama gefen rigata na goge, na goge, har zanen ya ɓace. Ya shigo ya yi faɗansa ya fita. Can da la'asar na ɗaga ido, sai na ga gilashin nan tas, ɗakin ya cika da tururi amma shi ko gezau, hannun agogon kuma ya nutse cikin ja yana rawa. Mutum goma sha ɗaya na kora waje da ihu, na koma na kashe wutar tukunyar. Bututu ɗaya ya fashe ina kan fitowa, tabonsa yana nan a bayana daga kafaɗa zuwa ƙugu. Ba wanda ya mutu. Aka tara mu aka yaba wa shugabanmu a kan kula da aiki.

Bayan wannan na tsira daga motar da ta kife da mu a kan gada, na tsira daga zazzaɓin da ya kwantar da rabin layinmu. Bara kuma ciwon shanyewar jiki ya same ni ina sunkuye ina sa takalmi. Likita ya ce wa iyalina su yi haƙuri. Bayan wata biyu na fito da ƙafata, na tsaya a ƙofar ofishinsa na tambaye shi yaya gajiya. Abin da ciwon ya ɗauka kaɗan ne. Hannun hagu ne kawai ya zama malalaci, in na aike shi sai ya ga dama yake zuwa.

Autata nas ce, kuma tun tana goye ba ta jin a'a. Ta ce ba za mu koma tsohon gida ba, ta kwashe ni da tsohuwata, wato matata, ta kai mu gidanta, hawa na uku a wani dogon bene. Mijinta yana da shagon tabarau a bakin titi. Yaron kirki ne, shiru-shiru, ba ya iya wuce gilashi bai goge shi ba, ko da kofin shan ruwa ne. Ni Mai Tabarau nake ce masa.

A kayan da na zo da su, abin da na fi ji da shi askata ce. Mai naɗewa ce, da ƙotar ƙaho, tun ina saurayi take hannuna, a jikin tsohon bel nake wasa ta. Tun ranar da gashi ya tsiro mini a fuska hannun wani bai taɓa hawa haɓata ba. Ko a asibiti da suka zo da rezarsu, da hannuna mai lafiya na ture, na bar ƙasumba ta yi wata biyu har na iya tsayawa da kaina. An ciyar da ni da cokali, an yi mini wanka kamar jariri, duk na haɗiye. Aski kam nawa ne.

A tsohon gida madubina bai fi tafin hannu ba, a ƙusa yake rataye a tsakar gida, iska ke kwashe tururin ruwan zafi. Banɗakin Auta kuwa akwati ne mai farin tayil, ba taga, madubin ya cinye rabin bango. Gashin fuskata wayar ƙarfe ce, in bai sha tururi ya yi laushi ba aska ba ta cinsa, saboda haka sai na yi wanka da ruwan zafi sannan in yi aski. Ina gama wanka madubin ya zama fari fat kamar an shafe shi da farar ƙasa. In share da tawul, kafin in ɗaga aska ya koma. Tsohuwa ta ce in buɗe ƙofa mana. Na ce ni, da tawul a ƙugu, a gidan surukina? Dabarar sabulun ba mantawa na yi da ita ba, ajiye ta na yi. Amma duk gidan babu sabulu mai jiki, sai na ruwa a kwalba wanda ake danna wa kai. Na gwada shi sau ɗaya, madubin ya koma kamar an zuba masa madara, sai da na sha wahala kafin ya fita.

A cikin kwana goma na yanke sau uku. Na farko da na biyu na rufe su da hannu a wurin cin abinci kamar mai tunani. Na uku ya ƙi tsayawa, domin maganin da nake sha yana tsinka jini, ƙaramin yanka sai ya yi ta zuba kamar famfon da ya lalace. Na naɗe tawul ɗin na cusa shi ƙasan kwandon wanki, a nan Auta ta tsinto shi.

Ranar Talata da safe muna shan shayi ta shimfiɗa shi a kan tebur tsakanin burodi da sukari. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa yi ba. Ta yi mini bayanin maganin tiryan-tiryan, ta ce wata rana yankan zai sauka ƙasa kaɗan, a wuya, ita tana wurin aiki, Inna kuma ba ta iya ɗaga ni. Mai Tabarau ya turo wani kwali gabana a hankali, injin aski ne mai caji, irin mai kukan ƙudan zuma. Na ce ya ajiye wa tunkiya.

"Baba, askar nan zan karɓa," in ji Auta.

Na ce hannuna na dama lafiyarsa ƙalau, madubinta ne makaho, kuma ko wanzamin da ya fi kowa in ka ɗaure masa ido sai ya yanka kunne. Ta ce kowa a gidan da madubin yake amfani. Na ce su fuskarsu kawai suke kallo, ni aiki nake yi. Tsohuwa tana ta juya cokali a kofin da ba sauran shayi, ba ta goyi bayan kowa ba. Auta ta dube ni ta ce:

"Asabar ina gida. Ka shiga ka yi askinka yadda ka saba. In ka fito na ga jini, ko da kan allura ne, askar ta zama tawa, kuma ba za mu sake maganar ba."

Na ce in kuma ba ta gani ba fa? Ta ce to ita ma ba za ta sake maganar ba. Na ce Mai Tabarau shaida ne. Ya gyara zaman tabaraunsa ya ce shi dai Allah ya sa a gama lafiya.

Washegari suna fita aiki na ɗauki sandata. Tun da na zo gidan ban taɓa sauka ni kaɗai ba. Tsohuwa ta tsaya a ƙofa ta ce in na faɗi a titi ita ba ta san ni ba. Na ce ta dafa ruwan shayi, yanzu zan dawo.

Babban kantin da ke ƙasan benen na fara shiga. Matar da ke tsaron kantin ta kai ni wani layi da sabulai suka cika shi tun daga ƙasa har sama, kowanne da hoton mace tana murmushi. Ta ce wannan yana sa fata laushi, wannan yana ƙamshin fure, wannan da madara aka yi shi. Na ce 'yata, wanda ke fasa hannu nake nema. Ta zaci wasa nake. Duk waɗannan mai ne a cikinsu, in ka shafa wa gilashi sai ya yi maiƙo. Na shiga kanti na biyu da na uku, labarin ɗaya ne. Sai na tsaya a inuwar wani shago na yi tunani irin na mai sana'a: ina masu cin abinci da wanki suke? Na bi ruwan kumfa da ke gangarowa a kwata, ya kai ni bayan tashar mota inda ake wankin motoci, kusa da rumfar wani mai wanki da guga. A nan na ga wata dattijuwa da ɗan teburinta, bokitai, buroshi, igiyar shanya, da sandunan sabulu dogaye masu ruwan ƙasa.

Ta ɗauko zare za ta yanka mini sabo. Na ce a'a, ta duba ƙasan tebur, ko akwai guntun ƙarshe wanda ya tsufa ya tsattsage, wanda ba mai so. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ko ɗan'uwana nake nema. Na ce ƙwarai, mu ne masu aiki. Ta lalubo wani a bayan bokiti, ƙura ta rufe shi, na ƙwanƙwasa shi a gefen tebur ya yi ƙara kamar katako. Muka yi ta hira a kan yadda wanki ya lalace tun da injuna suka shigo, har sai da na tuna an dafa mini ruwan shayi.

A dawowa sau uku na zauna a matakala, don in duba ingancin ginin. Na tarar da tsohuwa a bakin ƙofa da mayafinta a kafaɗa, wai shan iska ta fito. Na wuce kicin na ɗora sabulun a can saman firji, ta baya, inda ɗumin injin zai ƙara busar da shi, inda kuma hannunta ba ya kaiwa. Na san halinta, in ta ga sabulun wanki sai ta nemo abin wankewa.

Ranar Juma'a da yamma, kafin su dawo, na shiga aiki. Ga yadda ake yi, ka saurara da kyau don ba kowa nake gaya wa ba. Madubin ya zama a bushe ƙarau, ko ɗigon ruwa kada ya kasance. Ka kama sabulun ta kusurwa ka ja layuka daga sama zuwa ƙasa, sannan ka gitta su, ba da nauyin hannu ba, kamar kana shafa kan jariri. Sai ka samo tsohuwar singileti ta auduga wadda ta sha wanki, busasshiya, ka yi ta gogewa kana zagayawa. Da farko zai yi dishi-dishi, ranka zai ɓaci, ka ce tsohon nan ya yaudare ni. Ka ci gaba. Can za ka ga layukan sun ɓace, gilashin ya fito yana ƙyalli. Sabulun yana nan, ido ne ba ya ganinsa. Da na gama na matsa kusa na hura masa numfashi har sau uku, bai karɓa ba. Na mayar da sabulun saman firji, ban gaya wa kowa ba, ko tsohuwa. So nake in fito ranar Asabar fuska sumul, in bar su suna tambayar juna.

Asabar da hantsi suka jeru a falo su uku kamar masu jiran sakamakon asibiti. Auta har da audugarta a cinya. Na wasa askata a gabansu, na ɗauki tawul na shiga. Na ji wani ƙamshi mai kaifi kamar na lemun tsami, na ce turaren Auta ne. Madubin yana ta walƙiya, na yi masa murmushi. Na sakar wa kaina ruwan zafi sosai, har da 'yar waƙa. Na kashe famfo, na ɗaura tawul, na juyo.

Fari fat. Ko inuwata ban gani ba.

Na share da hannu, ya rufe. Na sake sharewa, ya sake rufewa. Na tsaya da askar a buɗe. Zuciya ta ce shekara sittin kana bin wannan fuska, ka san kowane lungu nata, yi a makance ka fita. Har na shafa kumfa a kumatu ɗaya. Sai na tuna tawul ɗin nan shimfiɗe kusa da burodi, da hannun Auta da zai miƙo. Ni ban tsira sau huɗu don wauta ba. Na wanke kumfar, na naɗe askar, na sa kayana tsaf, na buɗe ƙofa. Tururi ya riga ni fita.

Auta ta dubi ƙasumbar tana nan yadda take, ta ce ko na fasa ne. Na ce ba fasawa, tambaya gare ni: wa ya taɓa madubin nan? Mai Tabarau ya miƙe da fara'arsa. Ya ce shi ne. Tun da safe ya tashi, ya ɗauko ruwan da suke wanke gilashin tabarau da shi a shago, mai tsadar, ya fesa ya goge har sau uku, don Baba ya gani da kyau. Ya ce ya ma ga wani abu kamar maiƙo a kusurwa, amma kada in damu, ya fitar da shi duka.

Na dube shi. Yaron nan tsakaninsa da Allah taimakona ya yi, yana tsaye yana jiran godiya. Na ce Allah ya yi masa albarka, ya wanke mini aikin kwana uku da tafiyar rabin gari. Da na ba su labarin tun daga kantin har rumfar mai wanki, tsohuwa ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ai ga abin da ɓoye-ɓoye ke jawowa, da na faɗa da ba a kai nan ba. Mai Tabarau ya rasa inda zai sa fuskarsa. Don ya rage kunya ya ce ai kuwa ya taɓa ganin irin wannan a waya, wasu da kumfar aski suke yi. Na ce daga wurina ta bi hannu-hannu ta isa wayar, a hanya ne ta lalace ta koma kumfa. Auta kuwa ba abin da ta riƙe a labarin sai cewa na sauka bene ni kaɗai. Na ce wannan shari'ar ta wata rana ce.

Ta ce Asabar ba ta ƙare ba, in sake. Mai Tabarau ya ɗauko sabulun daga saman firji, ya jawo fanka ya busar da banɗakin. Na ja layukana, shi kuma na ba shi singiletin na ce ya biya bashin laifinsa da gwiwar hannu. Gaskiya ya iya guga, sana'arsa ce. Dama tun kafin in fara ya roƙe ni in bar gefe ɗaya, faɗin tafin hannu, ba sabulu, don a ga bambanci. Na bar masa. Sai Auta ta ce wannan karon da idonta za ta gani, ba za ta zauna a falo ba. Tsohuwa ta ce ita ma ba za a bar ta a baya ba. Haka muka shige mu huɗu da kayanmu a jiki, cikin ɗakin da mutum biyu ma sai sun yi haƙuri da juna, aka rufe ƙofa, aka saki famfon ruwan zafi.

Na jiƙa tawul na rufe fuskata da shi don gashin ya yi laushi. Da na cire, ɗakin ya cika. Tayil yana zufa, ƙofa tana zufa, tabaraun surukina sun yi fari har yana lalube yana tambaya me ake ciki. Gefen nan da aka bari ya rufe ruf. Sauran madubin kuwa tas, kamar an huda bango an buɗe taga, ga mu nan mu huɗu muna kallon kanmu. Mai Tabarau ya cire tabaraunsa ya kai hancinsa jikin gilashin, ya ja da baya, ya sake matsawa. Na ce kada ya taɓa, hannunsa na da tarihi.

Na tada kumfa na shafa. Na fara da dama. Askar ta sauka daga saje zuwa haɓa ba ko tangarɗa, kana jin ƙararta siririya tana cin gashi. Na share ta a tawul na ce wa Auta ta lura, ba kullum ake ganin irin wannan kyauta ba.

Sai na juya hagu. A nan na ga abin da na daɗe ban gani da kyau ba. Kumatun hagu ya sauko, fatar ta naɗe tun daga gefen hanci har muƙamuƙi kamar zanen gadon da ba a ja ba. Ga tabon yankan nan uku a jere cikin kumfa, dukansu a bakin wannan naɗin. Ba ko ɗaya a dama. Tururi kuwa bai san dama da hagu ba. Aska tana son fata a miƙe, kuma aikin miƙe ta na hannun hagu ne. Na aike shi. Ya taso a hankali, ya kai wajen kunne, yatsun suka zame a kan kumfa suka sauko. Na sake aikensa, ya tsaya a rabin hanya. Madubin da na yi wahala a kansa bai ɓoye wa kowa komai ba. Na ga idon Auta a ciki yana kan hannun nan.

Sai na ji ana jan bokiti a ƙasa. Tsohuwa ce ta kife shi, ta dafa kafaɗar surukinta ta hau. Ta goge yatsunta a zaninta, ta ɗora biyu a saman kumatuna kusa da ido, ta ja sama da ƙarfi. Naɗin ya baje.

"Inna, ba haka muka yi ba," in ji Auta.

"Jini kika ce," in ji tsohuwa. "Ba ki ce hannu nawa ba. Shekara arba'in da takwas ina jan kunnen mutumin nan, kumatu ne zai gagare ni? Kai kuma yi sauri, bokitin nan ba na zama ba ne."

Na ce ta ɗan ƙara ja ta wajen kunne, ta ce kada in koya mata aiki. Na sa aska. Ta bi ta kan wurin nan da ya sha cin amanata ta wuce sumul. Muka sauko muƙamuƙi, ta mayar da yatsunta ƙasa ba tare da na ce komai ba. A wuya na ɗaga haɓa, ta ja fatar ta gefe, na bi a hankali har na kai ƙarshe. Na wanke fuska da ruwa, na naɗe askar, na ajiye ta a bakin famfo tsakanina da 'yata.

Ta fitar da ni falo wajen taga. Ta kama haɓata ta juya dama, ta juya hagu, ta bi ko'ina da farar audugarta, har bayan kunne inda aska ba ta je ba. Ta duba audugar, ta juya ta, ta sake dubawa. Sannan ta koma banɗaki ta ɗauko askar da kanta ta sa mini a aljihun riga. Ta ce da sharaɗi ɗaya, ranar aski Inna tana ciki. Na ce dama ina neman wanda zan koya wa sana'a, zan ɗauke ta a gwaji. Tsohuwa ta ce ita kujera take so mai kyau, ba bokiti ba, kuma Mai Tabarau ya tafi ya sayo mata a ranar.

Yanzu duk bayan kwana uku muke shiga, ni da ita. Tana tsaye a kan kujerarta tana mita, wai kunnuwana sun ƙara girma, wai ban iya tsayawa wuri ɗaya ba. Duk mako ina sabunta wa madubin sabulunsa, an kuma kafa doka a gidan cewa surukina yana iya goge duk gilashin duniya ban da wannan. Auta ta cika alkawari, ba ta sake maganar ba, sai dai in na fito takan bi ta gefena a hankali tana kallon wuyana, ni kuma in ɗaga mata haɓa ta more.

Na san akwai masu cewa tsoho ya cika baki. To ƙofarmu ba ta da wuyar ganewa, hawa na uku, wadda take fuskantar matakala. Ka zo da madubinka da butar ruwan zafinka, in shafa rabi in bar rabi, ka tsaya ka gani da idonka. Ka kuma zo da gemunka na kwana uku. Zan wasa aska, tsohuwa ta ja maka kumatu, in ka isa ka zauna.